Daga Buga Wasan Bidiyo Zuwa Ƙirƙirarsa

Ya Edita,

Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in yi tsokaci kan wasannin bidiyo, waɗanda iyaye da yawa ke kallo a matsayin ɓata lokaci kawai. Ban musa ba, akwai yaran da wasan ke hana barci da karatu, ni ma na taɓa zama cikinsu. Amma ranar da na zauna gaban kwamfuta ina ƙoƙarin sa wani ɗan mutum-mutumi ya yi tsalle a wasan da nake ƙirƙira, sai na gane cewa ƙarƙashin kowane motsi akwai lissafi: dole in faɗa wa na'ura ƙarfin tashinsa, da yadda nauyi zai jawo shi, da inda ƙafarsa za ta sauka, ita kuma ta maimaita lissafin sau 60 a kowace daƙiƙa. Alama ɗaya na rubuta ba daidai ba, ɗan talikin ya nutse cikin ƙasa ya ɓace, na kwana uku ina neman dalili.

Mutum ɗaya, Markus Persson ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fara ƙirƙirar wasan bidiyon Minecraft a 2009, kuma a 2014 Microsoft ya sayi kamfaninsa kan dala biliyan 2.5. Ba kuɗin ne suka fi jan hankalina ba, a'a, yadda ya fara da hannunsa shi kaɗai. Yau manhajar Scratch ta jami'ar MIT da ke Amurka da manhajar Godot, waɗanda ake iya ƙirƙirar wasanni da su, duk kyauta ne, saboda haka ina ba da shawara jaridarka ta ware shafi mako-mako don koyar da matasa amfani da su.

Naka,
Wani mai karatu