A daina yi wa Yahudawa kuɗin goro

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan hotunan nan da ke yawo a WhatsApp, na wasu mutane masu baƙaƙen huluna da saje a nannaɗe, riƙe da tutar Falasɗinu. A majalisarmu ta Tudun Wada wani ya ce da kwamfuta aka haɗa hoton, wani kuma ya rantse musulunta suka yi. Babu ko ɗaya. Yahudawa ne, 'yan ƙungiyar Neturei Karta da aka kafa a Birnin Ƙudus a 1938. A karatunsu, haramun ne Yahudawa su kafa ƙasa da ƙarfin tuwo kafin zuwan Almasihun da suke jira.

Wannan adawa ta girmi ƙasar Isra'ila kanta. Taron farko na 'yan Sahayoniya, masu fafutukar kafa wa Yahudawa ƙasa, a 1897, a Munik aka so yi, sai malaman Yahudawan Jamus suka ce ba da su ba, dole jagoransu Theodor Herzl ya kwashi taronsa zuwa Basel a Suwizalan. A 1917 kuwa, lokacin da Ingila za ta yi alƙawarin Balfour na goyon bayan samar wa Yahudawa mazauni a Falasɗinu, Bayahude ɗaya tak ne a majalisar ministoci, Edwin Montagu, kuma shi ya fi kowa tada jijiyar wuya. Cewa ya yi Yahudanci addini ne, shi ɗan Ingila ne, kuma ranar da aka ce ga ƙasar Yahudawa can, kowace ƙasa ta sami dalilin korar nata.

Har cikin gidan akwai masu ja. Marubuci Ahad Ha'am, wanda shi ma yana son Yahudawa su koma Falasɗinu, ya je ya gani a 1891, ya rubuta cewa ƙasar ba kango ba ce, kuma wasu baƙin suna wulaƙanta Larabawan da suka tarar. A Disambar 1948 Albert Einstein da Hannah Arendt suka sa hannu a wasiƙa irin wannan tawa zuwa jaridar New York Times, suka kwatanta jam'iyyar Menachem Begin da ta 'yan Nazi, suka ambaci kisan da aka yi wa Larabawan ƙauyen Deir Yassin. Begin ɗin nan ya zama firaminista a 1977.

Ba na cewa su ne masu rinjaye. Bayan Hitila ya hallaka Yahudawa miliyan 6, yawancin waɗanda suka rage sun rungumi Isra'ila, 'yan Neturei Karta ma tsiraru ne ƙwarai. Amma suna nan, kuma danginsu maciya amana suke kiransu.

Mu mutanen Kaduna bai kamata a koya mana wannan ba. Mun ga 2000, mun ga 2002, lokacin da sunan mutum kaɗai ke ja masa ajali a bakin shinge, har garin ya rabu, kowa ya tattara ya koma inda nasa suke. Kuma in aka haɗa mu da Boko Haram, ai mu ne kan gaba wajen kuka.

Don haka roƙona gare ka da masu wa'azi da masu shirye-shiryen rediyo: in sojojin Isra'ila suka jefa bam a Gaza, a ce sojojin Isra'ila. In Netanyahu ne ya yi magana, a kira sunansa. A cire "Yahudawa sun yi kaza" daga kanun labarai.

Naka,
Malamin tarihi mai ritaya,
Tudun Wada, Kaduna.