Lissafin amsa "zuba duka" da hannun jira a gasar foka

Malam Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan wani abu da masu kallon gasar karta ta foka a YouTube suke yawan yi wa gurguwar fahimta. Sai a ga ɗan wasa yana riƙe da kati huɗu masu alama ɗaya, saura guda ya cika biyar, abokin karawarsa ya tura duk ƙwayoyinsa (ƴan faya-fayen da ke wakiltar kuɗi a wasan) tsakiya, shi kuwa ya yi shiru na minti biyu sannan ya jefar da katinsa. Nan take a ce ragon maza ne. Sau da yawa shi ne ya fi kowa iya lissafi a teburin. Ba kiran kowa nake yi zuwa caca ba, lissafin nake so a gane.

A tsarin Teksas Holdem kati 52 ne. Kowa na riƙe da biyu, a buɗe uku a tsakiya, sannan na huɗu, sannan na biyar, kowa ya haɗa biyar mafi ƙarfi daga nasa da na tsakiya. Bayan ukun farko ka ga kati biyar ke nan, saura 47 da ba ka gani ba. Hannun jira shi ne wanda bai zama komai ba tukuna, sai wani kati ya faɗo ya cika shi. Mai jiran fulash, wato biyar masu alama ɗaya, kati 9 ne za su cece shi, domin kowace alama 13 ce kuma ya ga huɗu. Da kati biyu a gaba, damarsa kashi 35 cikin 100 ce. Mai jiran jeri, wato lambobi biyar a jere, da 8 da 9 a hannu, ga 6 da 7 a tebur, kati 8 yake jira, damarsa 31.5. Mai giɓi a tsakiyar jeri kati 4 kawai, 16.5. Ƴan wasa kan ninka adadin katin ceto sau huɗu idan saura kati biyu, sau biyu idan saura ɗaya. Dabarar tana aiki, amma tana zuzuta babban hannu: 15 sau huɗu 60 ne, alhali gaskiyar 54 ce. In katin ya haura 8, a cire rarar daga jimlar.

Sai farashi. A raba abin da za ka biya da jimlar abin da zai taru bayan ka biya, sai ka ga damar da kake buƙata kafin ka amsa. Akwai 6,000 a tsakiya, ya tura 4,000: za ka sa 4,000 cikin 14,000, kana buƙatar kashi 28.6, jiran fulash ya wadatar. In 9,000 ya tura, 9,000 cikin 24,000 kashi 37.5 ne, bai kai ba. Kuma tunda ya zuba duka, babu sauran abin da za ka tatsa daga gare shi in katinka ya zo. Abin da ke gabanka shi ke nan.

Kuskure na farko shi ne ƙirga katin ceto kamar duk lafiyayyu ne. In abokin karawar yana da kati uku masu lamba ɗaya, kashi 35 ɗin nan yakan sauko wajen ɗaya bisa huɗu, domin ko fulash ɗinka ya cika, da zarar tebur ya maimaita lamba ya haye kanka. In kuwa shi ma fulash ɗin yake jira da kati mafi girma, katin da kake addu'ar ya faɗo shi ne zai kore ka. Shi ya sa 7 da 6 masu alamar zuciya ba ɗaya suke da As da Sarki (kati biyu mafi girma) masu alamar zuciya ba, ko da yake dukansu "kati 9" ake ce musu. Mai As da Sarki yana da ƙarin kati 6 da za su ba shi babban tagwai, wato kati biyu masu lamba ɗaya, idan ɗayan ƙaramin tagwai yake riƙe da shi. Don haka ba hannu ɗaya ake auna kai da shi ba, sai duk hannayen da mutumin nan zai iya tura duka da su a wannan hali.

Duk wannan ya isa a wasan da ƙwaya take daidai da kuɗi, wanda in ka rasa ka sake saye. Gasa dabam ce, kuma nan ne ainihin maganata. A babbar gasar duniya ta Las Begas, inda kuɗin shiga dala 10,000 ne, wajen kashi 15 cikin 100 na mahalarta ne ke samun wani abu, kuma wanda ya tattara ƙwayoyin kowa ba ya tafiya da dukan kuɗin. Ma'ana, ƙwayar da ka rasa ta fi wadda ka ciyo tsada. Hanyar auna wannan, wato mayar da ƙwayoyin mutum zuwa darajarsu a kyautar gasa, ana kiranta ICM. Tushenta lissafin da David Harville ya yi kan tseren dawaki a 1973, Mason Malmuth kuma ya kawo shi foka a 1987.

Ga yadda yake aiki. Mutum huɗu suka rage, uku za a biya: kashi 50, 30 da 20 na kyautar. Kowa na da 2,500. Kai da wani kun sa 500 kowanne, aka buɗe kati uku, ya tura sauran 2,000. Lissafin ƙwaya ya ce 2,000 cikin 5,000, kashi 40 ya isa. To amma in ka janye, 2,000 ɗin da ya rage maka darajarsa kusan kashi 21.6 na kyautar ne. In ka amsa ka ci, rabin ƙwayoyin teburin naka ne, amma darajarsu 38.3 ce kawai, ba 50 ba. In ka faɗi, ka tashi hannu rabbana. Raba 21.6 da 38.3, sai ka ga kana buƙatar kashi 56. Mai kati 12 na ceto, da kashi 45, ya haye ma'aunin farko ya faɗi na biyu. Har gangariyar hannun jira, fulash da jeri a haɗe, mai kashi 54, bai kai ba. Waɗanda ke cin ribar amsawarka su ne mutum biyun da suka naɗe hannu suna kallo.

Ba kullum ma'aunin ke tsauri haka ba. A farkon gasa, biya na da nisa, lissafin ƙwaya ya kusa isa. In ka fi mai turawar ƙwaya nesa ba kusa ba, faɗuwa ba za ta fitar da kai ba, sai ka sassauta. A gasar da ake ba da lada ga wanda ya kori wani, ladan yana shiga lissafi ya rage abin da kake buƙata. In kai ne mafi ƙarancin ƙwaya, kuɗin dole, wanda ake zubawa bi da bi kafin a raba kati, na zagayowa yana cinye ka, jira ba zai ƙare ka da komai ba. Mai matsakaicin tuli, ga wani can yana shirin mutuwa da ƴan ƙwayoyinsa, shi ya fi kowa dalilin janyewa. A gasar neman tikiti, inda duk waɗanda suka tsallake kyauta ɗaya suke samu, akan jefar da As biyu ma, balle hannun jira.

Wani abin da masu kallo ke mantawa shi ne bambancin mai turawa da mai amsawa. Wanda ya fara tura duka da jiran fulash hanya biyu gare shi: ko ɗayan ya tsorata ya janye, ko katin ya zo. Mai amsawa hanya ɗaya tak. Saboda haka za ka ga gwani ya tura duka da hannun da ɗazu ya ƙi amsawa da shi, kuma babu tufka da warwara a ciki. Gyaran yawanci tun kafin nan yake: wanda ya yi ƙaramin zubi da hannun jira, aka mayar masa da "duka", shi ya kai kansa inda ko dai ya bar abin da ya zuba, ko ya biya farashin da bai dace ba. Da ya duba girman tulinsa tun farko, da ya zaɓi ko ya tura duka da kansa, ko ya bari a buɗe kati na huɗu ba tare da ya ƙara ko ƙwaya ba.

Na gode da wannan dama.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarka