Wasiƙar Ƙorafi ga Kamfanin da Ya Sayar Mini da Fitilun Bango na Tangaran

Zuwa ga Malam Manaja,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda ɗaya daga cikin fitilu biyun da na saya a wurinku ta zo da tsaga, na kira, na tura saƙo, amsar da ake ba ni guda ɗaya ce: wai ai aikin hannu ne, dole a samu bambanci.

Bambanci ban ƙi shi ba, shi ma na biya kuɗi na saya. Fitilar da kuka yi wa siffar Dutsen Zuma ta fi ta hoton tallanku duhu, kuma hakan ya ƙara mata kyau. Wadda aka zana wa tudun rairayin hamada kuwa, idan aka kunna ta bayan magariba, hasken yakan bi layukan yumɓun ya kwanta a bango har baƙo ya tsaya yana kallo. Wanda ya gina su gwani ne, Allah Ya ƙara masa basira.

Amma tsaga ba bambanci ba ce. Ta Zuman ta zo da tsaga siririya tun daga ramin da ake ɗaure ta da bango har gefenta, daidai inda nauyinta duka ya rataya. Ku ƙwanƙwasa tangaran mai lafiya da farce, za ku ji ya yi ƙara garau. Wannan kuwa sai dai "ƙwaf". Mai aikin wutar da na kira ya ƙi ɗaura ta, ya ce ba zai rataya abin da zai iya faɗo wa yaro a ka ba. Ya kuma nuna mini wayar da ke ciki, siririya ƙwarai, da mazaunin ƙwan na roba mara ƙwari. Wutarmu volt 230 ce, kuma kowa ya san yadda take hawa da sauka. Ko takardar da za ta faɗi irin ƙwan da ya dace ba ku saka a kwalin ba.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne jingina sakaci ga aikin hannu. A gindin dutsen nan da kuka kwaikwaya, a Suleja, Ladi Kwali ta shiga cibiyar koyar da ginin tukwane ta Baturen Ingila Michael Cardew a 1954, inda ake gasa yumɓu a zafin da ya haura digiri 1,200. Da hannu ta yi aikinta, kuma ingancinsa ne ya kai hotonta bayan takardar naira 20.

Don haka ina roƙon ku canza mini fitilar da ta tsage, ku ɗauki kuɗin kai da kawowa, ku kuma sauya wayar da mazaunin ƙwan na ɗayar. Rasit da hotuna suna hannuna. Idan shirun ya ci gaba, zan kai ƙara hukumar kare haƙƙin masu saye, FCCPC, kamar yadda dokar kare masu saye ta 2018 ta ba ni dama, ko da yake na fi son mu gama a tsakaninmu.

Wassalam,
Mai sayen kayanku daga Kaduna