Zuwa ga Bazazzagin Fatakwal

Aminina Lawal,

Assalamu alaikum. Ya Fatakwal, ya ruwan samanku da ba ya ɗaukewa? Ya Maman Hanif da yara? Na san za ka ce sai da buƙata ta taso na tuna da kai. Faɗi abinka, kai ma tun bikin Auwalu ba mu ji ɗuriyarka ba.

Ranar Talata na je intabiyu a wani kamfanin robobi a Bompai, aikin kula da sito. Komai na tafiya daidai, sai wata Hajiya mai tabarau ta ɗaga takarduna ta ce, "Malam Nasiru, shekara ɗaya da wata biyu ka yi a Sharaɗa, ka tafi ba notis. Me ya faru?" Wallahi ga sanyin esi, amma gumi na bin gadon bayana.

Ai ka tuna daren da na kira ka. Buhu 400 na ƙirga da hannuna, manaja ya ce in sa hannu a kan 600. Washegari na ajiye masa makullai a tebur, na bar musu albashin wata biyu. A intabiyun Challawa na bara, kaf na zayyane labarin, har da kwaikwayon muryar manajan. Mutumin ya rufe fayil ya ce za su neme ni. Har yau suna nemana.

Kawu Sule ne ya zaunar da ni. Ya ce mai ɗaukar aiki ba alƙali ba ne, kana zagin tsohon ubangidanka shi kuwa yana lissafin ranar da za ka zage shi. Ya ce kuma kada in kuskura in ce rashin lafiya ce ko karatu, don manajojin Kano a wajen ɗaurin aure ɗaya suke haɗuwa, waya ɗaya ta isa a tona ni. Har ya tuna min cewa dokar ƙwadago notis ɗin mako guda ta yanka wa wanda ya wuce wata uku amma bai cika shekara biyu ba, amma takardar ɗaukar aikina wata ɗaya ta ce, kuma ni na sa mata hannu. Wannan ta yi min zafi, don gaskiya ce.

Saboda haka na ce wa Hajiyar an samu saɓani kan lissafin kaya, aka so in sa hannu a kan abin da ban gamsu da shi ba, na zaɓi in tafi. Na ce kuskurena shi ne ban rubuta takardar ajiye aiki ba. Daga nan na tsuke bakina. Kai da ka san surutuna, ka san wannan shirun ya fi ƙirga buhu dubu wahala. Ta ce, da yau ne fa? Na ce zan kai rahoto a rubuce, in riƙe kwafi, in ba da notis. Ta rubuta wani abu. Na miƙa wuya in leƙa, ta kare da hannu.

Af, Auwalu fa ya ƙara aure! Shi da ke kukan kuɗin adaidaita sahu tun da aka cire tallafin mai a 2023. Amaryar 'yar Gwammaja ce, uwargida kuma ta tafi gida "ganin Inna" mako uku ke nan. Kada ka ce ni na gaya maka.

Sun ce in kawo sunan mutum biyu da za su tsaya min kafin Litinin. Kawu ɗaya. Na biyun kuwa Bazazzagi ne, sai dai Allah Ya sa kada su tambayi garinku. In baƙuwar lamba ta kira ka, ka ɗauka, kuma don Allah kada ka fara da labarin makullan nan.

Umma tana gaishe ka, ta ce har yanzu ba ta ga man jan da ka yi mata alkawari ba.

Naka,
Nasiru