Masu shan warfarin su yi hattara da ƙwayar bitamin K2

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan ƙwayar bitamin K2 da ake ta tallatawa a Facebook da WhatsApp, ana cewa wai tana "wanke jijiyoyin jini" tana kankare dattin da ya toshe su. Ni ma'aikaciyar jinya ce a ɓangaren masu ciwon zuciya, kuma na fara ganin kwalbar nan a jakunkunan marasa lafiyarmu. Wasu ma ba sa faɗa sai an matsa da tambaya.

Maganar tana da tushe, ba zan ɓoye wannan ba. A 1929 wani masani ɗan ƙasar Danmak, Henrik Dam, ya lura 'yan tsakin da yake ciyarwa da abinci marar kitse suna zubar da jini, jinin kuma ba ya daskarewa. Ta haka aka gano bitamin K, har ya samu kyautar Nobel ta 1943 tare da Edward Doisy na Amurka. Hanta ba ta iya haɗa sinadaran da ke tsayar da jini sai da shi, shi ya sa muke yi wa jariri allurarsa da zarar ya faɗo. Bitamin K iri biyu ne, K1 da K2. K1 yana cikin koren ganye irin su alayyafo da kabeji da latas. K2 kuwa ana samunsa a cuku da gwaiduwar ƙwai, sai kuma natto, abincin mutanen Japan na waken soya da aka tsima.

To ina alaƙarsa da zuciya? A bangon jijiya akwai wani furotin da ake kira MGP, wanda aikinsa hana sinadarin kalsiyam zama a wurin, kuma ba ya aiki sai da bitamin K. A 1997 masu bincike sun samar da ɓerayen da ba su da wannan furotin. Jijiyoyinsu suka ƙandare, babbar jijiyar ta fashe, suka mutu cikin wata biyu. Daga baya, a 2004, binciken birnin Rotadam na ƙasar Holan, wanda ya bi mutum kusan 4,800, ya ga waɗanda suka fi samun K2 a abincinsu sun fi tsira daga mutuwar ciwon zuciya. Wani kuma a Danmak a 2021, mai mutum fiye da 53,000, ya ga masu cin K1 da yawa haɗarin a kwantar da su saboda toshewar jijiya ya ragu da kashi 21 cikin ɗari.

A nan masu talla suke dasa aya. Amma waɗannan binciken tambayar mutane kawai suka yi me suke ci, sannan suka zuba ido. Wanda ba ya rabuwa da ganye a kwanonsa, sau da yawa shi ne kuma ba ya shan taba, yana motsa jiki, yana zuwa asibiti da wuri. Hanyar gane gaskiya ita ce a raba mutane gida biyu, a ba wasu ƙwayar gaske, wasu a ba su wadda babu komai a cikinta, ba tare da sun sani ba. An yi hakan. A gwajin AVADEC na Danmak, wanda aka fitar a 2022, dattawa maza 365 aka raba, rabi suka sha maikirogiram 720 na K2 kullum tare da bitamin D har shekara 2. Kalsiyam ya ci gaba da taruwa a bawul ɗin zuciyarsu, wato 'yar ƙofar da ke hana jini komawa baya, babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu da sauran. A Sikotilan, a 2020, an gwada masu ciwon ƙoda 159 da maikirogiram 400 na shekara guda, taurin jijiyarsu bai ragu ba. Akwai dai gwajin Holan na 2015, inda mata 244 da suka daina haila suka shiga, aka ga taurin jijiya ya ɗan sassauta ga masu shan maikirogiram 180 na shekara 3. Ina fatan bincike na gaba ya kawo albishir, wallahi zan fi kowa murna. Sai dai har yanzu babu babban gwajin da ya nuna ƙwayar ta rage bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa, balle ta kankare abin da ya riga ya zauna.

Da a ce asarar kuɗi ce kaɗai, da ban rubuto ba. Abin da ke hana ni barci shi ne masu shan warfarin. Wannan magani yana hana jini yin guda ne ta hanyar dakushe aikin bitamin K. Wanda ke shan sa kuma ya ƙara da ƙwayar K2, ya warware maganinsa da hannunsa.

Akwai wata matashiya da muke kula da ita, wadda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya. Idan ɗaki ya yi tsit, kana jin bawul ɗin yana ƙas-ƙas a ƙirjinta kamar agogon hannu. Ba ta wasa da magani. Tana da ɗan littafi da take rubuta sakamakon gwajin jininta na INR, mai auna jinkirin da jini ke yi kafin ya yi guda, kowane da kwanan watansa. Ana son nata ya tsaya tsakanin 2.5 da 3.5. Ran nan sai ga shi ya faɗo ƙasa da 2, wato jininta ya fara saurin yin guda. Na ce, "Ƙanwata, kin tsallake magani ne?" Ta rantse ba ta tsallake ba. Na tambayi abinci, babu abin da ya sauya. Sai da na ce ta zazzage jakarta a kan tebur, sannan farar kwalba ta gangaro. Ta ce, "Anti, ai wannan ba magani ba ne, bitamin ne. Yayana ya kawo min, ya ce yana ƙara wa zuciya ƙarfi." Saboda ƙauna ya saya mata, ban ga laifinsa ba. Amma da gudan jini ya maƙale a bawul ɗin nan, ko ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa, da labarin ya sha bamban. Sai da likita ya haɗa mata da allurar heparin, wadda ita ma ke hana jini yin guda, kafin gwajin ya dawo daidai.

Nau'in K2 da aka fi sayarwa, MK-7, yana yin kwanaki a cikin jini, alhali K1 cikin sa'o'i yake wucewa. Masu bincike a Holan sun nuna a 2013 cewa maikirogiram 10 kacal na MK-7 a rana ya isa ya rikita ma'aunin jinin wasu masu shan irin wannan magani. A duba kwalaben da ke yawo, za a ga an rubuta 100 ko 200. Sababbin magungunan hana jini yin guda irin su rivaroxaban da apixaban ba ruwansu da bitamin K, amma mai bawul na ƙarfe ba a mayar da shi kansu, warfarin ne nasa har tsawon rai.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ƙaurace wa ganye, don ina ganin masu yin hakan su ma. Mai shan warfarin ya ci ganyensa, abin da ake so kawai shi ne ya riƙa ci daidai wa daida, kada yau ya cika kwano sannan ya yi mako bai taɓa ba. Ga mai lafiya kuwa, adadin bitamin K da hukumomin Amurka suka ƙiyasta ya wadatar shi ne maikirogiram 120 ga namiji, 90 ga mace a rana, kuma giram 100 na ɗanyen alayyafo yana ɗauke da fiye da 400. A sa ɗan mai a ciki, jiki ya fi tsotsar sa da maiƙo.

Na kuma ga dattijon da ya ajiye maganin hawan jininsa saboda ya samu "mai wanke jijiya". Wannan ya fi komai ɓata min rai, domin maganin hawan jini da na rage kitsen jini da barin taba su ne aka gwada a kan dubban mutane aka tabbatar suna ceton rai.

Roƙona gare ka, Malam Edita, shi ne duk tallar irin waɗannan ƙwayoyi da za ta shiga jaridarku a tilasta a rubuta a jikinta, da manyan baƙi, cewa mai shan warfarin kada ya taɓa sai da izinin likitansa. Masu zuwa asibiti kuma, don Allah ku taho da duk abin da kuke haɗiya, har wanda ba ku ɗauke shi magani ba, mu gani da idonmu.

Wassalam.

Taku,
Wata ma'aikaciyar jinya, mai karanta jaridarku