Masu rabon tallafi, ku leƙo wajen magina tukwane

Assalamu alaikum Edita. Dan Allah a ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana kan sana'ar da na buɗe ido na tarar a gidanmu, wato ginin tukwane. Mahaifiyata maginiya ce, da kuɗin tulu da kasko da asusu aka saya min littafin makaranta, shi yasa abin ke min ciwo.

Kullum muna ji a rediyo gidauniya kaza ta ware tallafi wa masu sana'ar hannu, tela ya samu, mai gyaran waya ya samu, mai kiwon kaji ya samu, amma maginin tukwane ko a lissafi babu shi. In ma an sa shi to fom ɗin yana intanet, da Turanci, ana neman imel da rijistar kamfani da tsarin kasuwanci a rubuce shafi-shafi, haba jama'a, matar da tun asuba take rafi tana haƙar yumɓu ina ta ga wannan? Ƙarshenta wani mai babbar waya ne a birni zai cike ya karɓe, wanda ko kwaɓa yumɓu bai taɓa yi ba.

Bara waccan wata ƙungiya ta zo unguwarmu, ba zan kama suna ba. Suka ɗauki hotunan su Inna suna gini, aka kai su otal bita ta kwana uku, aka ba su satifiket da kuɗin mota, shikenan. Da damina ta faɗi Inna ta jera tukwanen da ta yi sati uku tana ginawa, an lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu an cinna wuta, wuta ta kama kenan hadari ya taso. Wallahi da safe tsingaro muka riƙa kwashewa da kwando, randa biyu kawai suka tsira su ma da tsaga. Ba ta yi kuka ba, cewa kawai ta yi a miƙo mata tsintsiya. Satifiket ɗin yana nan cikin kwalla har yau.

Abin da take buƙata bai kai kuɗin otal ɗin nan ba. Rumfar kwano ce da za a shanya ɗanyen gini, da ginannen wurin gashi mai rufi wanda ke riƙe zafi ba ya cin itace kamar gashin fili, sai amalanke ko kuɗin motar kai kaya kasuwa, don a hanya ma ana asara sosai. Kuma kyauta nake nufi ba bashi ba. Wanda rabin kayansa kan iya fashewa a dare ɗaya in ka ɗora masa bashi mai wa'adi ai ka kashe shi ne.

Kada wani yace ai roba da alminiyom sun gama da sana'ar. Ku zaro naira 20 ku juya bayanta, matar da ke zaune tana gini ita ce Ladi Kwali. Tukwanen gargajiya take yi irin na Gwari, har Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara nata a fada. Da Baturen nan Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tangaran a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. Iyawar tata ce tun daga gida, abin da aka ƙara mata wurin aiki ne da injin juyi da wurin gashi mai zafin gaske. Daga nan kayanta suka kai Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977, matar da ba ta yi boko ba.

Wanda ma ya fi kusa da mu shi ne marigayi Malam Mohammed Bah Abba, malamin makaranta a Jigawa, shi ma jikan magina ne. Tukunya ya sa cikin tukunya, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi ya rufe da ɗanyen tsumma, ruwa na tsatsowa yana bushewa ciki na yin sanyi, sai ga tumatir da yalo da alayyahu suna kwanaki ba su lalace ba, babu ko digon lantarki. Kamfanin agogo na Rolex ya ba shi kyautar dala 75,000 a 2000, ya sa magina na ƙauye suka yi ta gini ana rabawa. Kamfanin agogo fa, daga Suwizalan! Mu masu kuɗinmu na nan suna raba atamfa da taliya.

A Ingila maginan da kansu ne suka kafa ƙungiya tun 1958, kuma tana da gidauniyar agaji da ke ba maginin da sana'ar ce abincinsa tallafi ya yi wani aiki takamaimai ko ya ƙaro ilimi. Abin da ya burge ni kenan, masu duba takardar sun san yumɓu.

To roƙona ga gidauniyoyinmu da hukumomin zakka da attajirai, in za ku yi ku aiko mutum da ƙafarsa ranar gashi, ya tambaya da Hausa ko Gwari ko Nufanci, a bi ta hannun shugabannin magina na unguwa don su suka san wa ke gini da gaske. Sashen koyar da tangaran na jami'ar Zariya yana nan, a ɗauko ɗalibansu su gina wurin gashin a biya su. A fara da unguwa ɗaya ma ya isa, amma a yi kafin ruwan bana ya sauka, don Inna ta riga ta fara tara yumɓu.

Na gode Edita, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naku,
Ɗan maginiya, daga Zariya