Rahoton Ayyukan Shekara: Yadda Muka Warware Batun Buɗin Wasa

'Yan uwa membobi, assalamu alaikum.

Ga rahoton kwamiti kan abin da ƙungiyarmu ta 'yan wasan ces ta yi a shekarar da ta ƙare. Zaman mako-mako ya gudana yadda aka tsara, an yi gasar cikin gida sau biyu, an sauya agogunan da suka lalace, ajin masu koyo kuma ya cika har muka raba shi gida biyu. Waɗannan ba sa buƙatar dogon bayani. Abin da ya ci mana lokaci, har ya kusa raba kan kwamiti, shi ne tambayar da kowane sabon shiga ke yi: wane buɗi, wato jerin takun farko da ake fara wasa da su, zan koya?

A gasar farko matsalar ta fito fili. Wani matashinmu mai ƙwazo ya haddace Najdorf, reshen nan na buɗin Sisiliyan da tsofaffin zakarun duniya Fischer da Kasparov suka shahara da shi, har wajen taku 15. Ya zauna da baƙaƙen kaya, mai fari ya tura soja e4 (harafi da lamba sunan gida ne a kan allo), ya amsa da c5 ba ko tunani. Sai abokin karawarsa, maimakon ya fito da doki f3, ya tura soja c3. Shi ke nan, hadda ta ƙare a taku na biyu. Muna kallonsa ya rafka tagumi, agogo na cin lokacinsa, kafin taku na 20 ya yi asarar doki a banza.

Daga nan muhawara ta ɓarke. Wasu dattawanmu suka tsaya kai da fata a kan tsarin Landan: soja d4, bishof f4, sannan e3 da c3, kusan jeri ɗaya ko me baƙi ya buga. Hujjarsu ba ta da rauni. Tsarin ya samo sunansa daga gasar Landan ta 1922, kuma da shi Ding Liren ya doke Nepomniachtchi a wasa na 6 na gasar duniya ta 2023. Abin da ya hana mu amincewa da shi ga masu koyo shi ne yana saba wa mutum jera kayansa ba tare da ya dubi na gabansa ba. Mun sha ganin haka: baƙi ya buga c5, ya ɗora sarauniya a b6, mai fari yana can yana jeri, bai lura sojan b2 ya zama maraya tun da bishof ya bar c1 ba.

A ƙarshe kwamiti ya tsayar da buɗin Italiya ga masu koyo: e4 e5, doki f3, doki c6, bishof c4. Tsohon buɗi ne, ɗan wasan Italiya Greco ya yi nazarinsa tun farkon shekarun 1600. Dalilinmu shi ne kowane taku a cikinsa mai koyo zai iya faɗin amfaninsa da bakinsa: kama tsakiya, fito da kaya, killace sarki. Kuma yana nuna masa f7, gidan da sarki kaɗai ke gadi. Mun kwashe zama uku a kan tarko guda: idan baƙi ya fito da doki f6, fari ya kai nasa g5, baƙi ya tura soja d5, fari ya ci shi da soja, to idan baƙi ya ci wannan sojan da doki yana gayyato dokin fari ya faɗa f7. Amsar da muka koyar ita ce doki a5, a kori bishof.

Ruy Lopez, mai sunan limamin cocin Sifen da ya rubuta a kansa a 1561, mun bar wa babban aji. Bambancinsa da na Italiya gida ɗaya ne, bishof b5, amma zurfinsa daban. Da reshensa na Balin Kramnik ya toshe Kasparov a gasar duniya ta 2000, Kasparov bai ci wasa ko ɗaya ba.

Ga mai baƙi, amsar e4 ita ce e5, amsar d4 kuma d5 da e6. Wannan na biyun ba a yi gardama a kansa ba. Kusan duka wasanni 34 na gasar duniya tsakanin Capablanca da Alekhine a 1927 a kansa aka buga su. Wanda ya ƙi e5 mun ba shi zaɓin Caro-Kann ko buɗin Faransa, tare da gargaɗin cewa a na Faransa bishof ɗin c8 yakan daɗe a kulle.

Sharaɗin da muka gindaya ɗaya ne: abin da ka zaɓa, ka riƙe shi shekara guda, kuma bayan kowane wasa ka nemo takun da ka fara rasa abin yi. Ni sakatare ba ni da bakin yi wa kowa faɗa, don sau uku na sauya buɗi a shekarar da ta gabaci wannan, ban tsinana komai ba.

A gasa ta biyu an ga canji, ko da yake ba kowa ya bi ba. Dattawan Landan suna nan a kan bakansu, kuma ɗaya daga cikinsu ne ya zo na biyu. Matashin Najdorf ya koma e5, yana gunaguni, amma ya daina faɗuwa da wuri.

A shekara mai zuwa za a rage lokacin buɗi a aji, a ƙara na dabarun tsakiyar wasa da ƙarshen wasa na sarki da soja. Kowane memba ya rubuto wa kwamiti buɗin da ya zaɓa, fari da baƙi, kafin zaman farko.

Sakatare, a madadin kwamiti.